Ƙafar Kofur ta Hagu

Litinin, 1 ga Satumba

Hukunci ya fito. Ba kora ba ce. Shugaban makaranta ya ce tunda bakina ya fi hannuna aiki, bari ya tura ni inda ake buƙatar kunne. Laifina dai shi ne na gaya wa Malamin Walda a gaban aji cewa abin da ya kwashe sati uku yana koya mana, ni a tsaye na karance shi ina jiran mota. Gaskiya na faɗa. Ita ce ba a so.

Ga hukuncin. Ƙungiyar tsofaffin sojoji za ta kai mutum goma sha biyu wurin da suka yi yaƙi shekara hamsin da wani abu da suka wuce. Ranar 11 ga watan gobe za a tashi. Kowane tsoho sai an haɗa shi da ɗalibi ɗan rakiya, kuma sai ɗalibin ya riƙa zuwa gidansa sau uku a sati kafin tafiyar, wai don su saba. Ni da Dogo aka zaɓa a ajinmu. Shi da kansa ya ɗaga hannu, ni kuwa ɗaga ni aka yi.

Umma ta ce in na je gidan tsohon da aka haɗa ni da shi in gaishe shi, in zauna, in rufe bakina. Na ce biyu daga ciki zan iya.

Laraba, 3 ga Satumba

Na je. Gidan yana bayan shagon 'yarsa, tela ce, sai ka ratsa ta tsakanin keken ɗinki da tarin yadi kafin ka shiga tsakar gida. Na ce mata Anti, ba ta hana ba. Ɗakinsa: gadon ƙarfe, akwatin kwano, rediyon da aka ɗaure marfin batirinsa da roba. Takalmi baƙi sau-ciki a ƙarƙashin gado, yana ƙyalli kamar ba a taɓa taka ƙasa da shi ba. Kowa Kofur yake ce masa, har jikokinsa.

Bai kalli fuskata ba, ƙafata ya kalla. Ya ce igiyar takalmina ɗaurin malalaci ne. Sannan ya hango littafi a aljihuna ya ce, "To, Farfesa aka turo min."

Ban yi minti goma ba na karya dokar Umma. Na gaya masa na karanta littafi biyar a kan yaƙinsu, kuma duk abu guda suka nuna: manya suka ƙulla a ɗakin sanyi, 'ya'yan talakawa suka je suka mutu. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko a cikin biyar ɗin akwai wanda ya faɗi abin da suka karya kumallo da shi. Na ce a'a. Ya ce to saura na shida.

Na tambaye shi mutum nawa ya kashe. Na san rashin kunya ce. Ya ce bai taɓa harba bindiga a kan mutum ba, shi mai ɗaukar waɗanda aka harba ne a gadon ɗauka. Mutum biyu ke riƙewa, shi ne na baya. Na gaba yana kallon hanya, na baya yana kallon fuska.

Yau shi ya kayar da ni. Na tsani hakan.

Juma'a, 5 ga Satumba

Taro a ofishin ƙungiya. Sakatare ya karanto dokoki kamar shi ya ci yaƙin shi kaɗai. Kofur ya raɗa min cewa mutumin a sito ya yi aikinsa, barguna yake ƙirgawa.

Abin da ya shafe mu: ranar 1 ga watan gobe nas za ta duba kowa, sannan kowane tsoho ya zagaya filin ƙungiya sau uku da ƙafarsa. Dalili, daga inda bas zai tsaya zuwa maƙabartar da ke bakin kogi kusan kilomita ɗaya ne, 'yar hanya ce cikin rairayi, mota ba ta shiga, keken guragu nutsewa yake. Wanda ya kasa zagayen an cire shi. Mutum talatin ke jiran gurbi. Kuma ya ce wannan ce tafiya ta ƙarshe da ƙungiya za ta iya shiryawa.

Na miƙe na ce ashe sai mutum ya sake cin jarrabawa kafin a bar shi ya gaida abokansa da suka mutu. Sakatare ya ce wane ne wannan yaron. Na ce wanda bai taɓa samun lambar yabo don ƙirga bargo ba. Kofur ya sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

A hanya ya ce min, "Ka yi min abokin gaba a banza. Amma ta yi daɗi." Sannan ya daina dariya ya ce shekara tara yana rubuta sunansa, bana ne aka kira shi. Ko da rarrafe sai ya je.

To sai ya je. Ko don Sakatare ya ji haushi.

Litinin, 8 ga Satumba

Na auna filin nan da ƙafata: zagaye uku taku dubu ɗaya da ɗari huɗu ne. Yau na fitar da Kofur da la'asar, ya yi taku ɗari uku da arba'in, daga ƙofar shago zuwa famfon unguwa, ya zauna a kan dakali yana haki. Saura kwana ashirin da uku. Na zana jadawali a bangon littafin nan, kullum ƙarin taku hamsin. Ya ce sajensu ma bai kai ni mugunta ba. Ya ji daɗi, na gani.

Laraba, 10 ga Satumba

Ɗari huɗu da sittin. Yana ɗingisa hagu. Ya ce tsufa ne.

Asabar, 13 ga Satumba

Ɗari shida da goma, har gaban mai faci. Ba ranar zuwana ba ce, na dai je.

Muka zauna Anti ta kawo shayi, nasa ba suga saboda yana da ciwon. Ya tambaye ni wa ya koya min karatu da nake ta hura hanci da shi. Na gaya masa ba kowa. Aji uku na tsaya da Baba ya rasu, na koma wankin kwano a gidan abinci. Takardun jaridar da ake naɗe kaya da su nake warewa in shanya, in bi harafi ɗaya-ɗaya, in na maƙale in tare duk wanda ya zo cin abinci da biro a aljihu. Rabinsu su kore ni. Har yau in na ga takarda a ƙasa sai na ɗauka na duba, ko ta kwata ce. Ina da shekara ashirin da biyu na ci jarrabawar makarantar sana'a, na shiga aji da ƙannen bayana, malamai suna min magana kamar jaki.

Ya ce shi ya sa nake cizo. Na ce ban cije shi ba tukuna.

Ban san me ya sa na ba shi wannan labarin ba. Dogo ma bai sani ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Ɗari bakwai. Ya so ya tsaya a ɗari shida na ce masa sojan da na sani ba ya roƙo. Ya tashi ya ƙarasa.

Laraba, 17 ga Satumba

Bari in rubuta a jere.

Mun dawo, ya cire takalmi ya shiga banɗaki da safa a ƙafarsa. Ban taɓa ganin ya cire safar hagu ba, sai yanzu nake lura. Na hango takardar jarida an ninke an cusa a cikin takalmin. Halin nawa. Na zaro don in ga ta yaushe ce. Ba ta karantuwa. Ta jiƙe da jini da wani ruwa rawaya, ga wari.

Da ya fito na nuna masa. Ya ce in mayar inda na ɗauko. Na ce sai na ga ƙafar. Muka yi ta yi ƙasa-ƙasa don kada Anti ta ji, ƙarar keke ta rufe mu. Ƙarshe ya zauna ya zare safar. A ƙarƙashin babban yatsa rami ne, faɗinsa ya kai marfin kwalba, gefensa fari, tsakiyarsa ja. Ya ce tun watan jiya ne, ɗan ƙarami ne da. Ya ce ba ya jin zafi ko kaɗan, kamar wannan abin alfahari ne. Kullum yana tsoma ta a ruwan zafi da gishiri ya ɗaure tam, haka suke yi a daji. Kuma tafiya tana sa ƙafa ta yi tauri.

Tafiya. Wadda ni nake ƙara masa hamsin-hamsin.

Ya riƙe min wuyan hannu, tsohon nan yana da ƙarfi. Ya ce, "Farfesa, saura sati biyu. Nas hawan jini za ta auna, ba za ta ce in cire takalmi ba. Ka riƙe bakinka sau ɗaya a rayuwarka."

Na ce to.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ban shiga aji ba, laburare na wuni. Littafin kiwon lafiya guda biyu, ɗaya da hotuna. Da ma ban buɗe mai hotunan ba. Mai ciwon suga ba ya jin zafi a ƙafa don jijiyar ta mutu, ruwan zafi yana dafa shi bai sani ba. Abu na farko da suka ce: kada a taka. Kada a taka ko kaɗan. In ya kai ƙashi sai yanka, wani daga yatsa, wani daga gwiwa.

Littafi biyar a kan yaƙi, ban karanta shafi ɗaya a kan ƙafa ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na ƙi fitar da shi. Na karanta masa abin da na kwafo. Ya ce masu littafi ba su taɓa ja da baya da ƙafa ba. Lokacin da aka kore su daga kogin nan, kowace safiya saje yana duba ƙafafu, duk wanda aka ga tasa ta ruɓe sai a ce ya zauna mota na zuwa. Mota ba ta taɓa zuwa ba. Tun daga nan ya koyi cewa ƙafa sirrin mai ita ce.

Na ce yaƙi ya ƙare. Ya ce wa ya gaya min.

Ya ɗauki sandarsa ya fita shi kaɗai ya yi ɗari takwas. Ina binsa a baya ina zaginsa a zuci.

Asabar, 20 ga Satumba

Na tsaya a ƙofar shagon Anti har ta tambaye ni ko ɗinki na kawo. Na ce a'a na wuce.

Litinin, 22 ga Satumba

Na faɗa.

Anti na fara gaya wa. Ta tsayar da keke, ta shiga ta durƙusa ta zare safar da hannunta. Bai hana ta ba. Ni yake kallo ta saman kanta. Muka ɗauki tasi zuwa asibitin ƙungiya. Nas ta wanke, ta yanke mataccen naman, ta tura wani siririn ƙarfe ta ce bai kai ƙashi ba, saura kaɗan. Ta tambaya wane mai hankali ne yake sa shi tafiya. Na ce ni ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce aƙalla na kawo shi.

Ba taka ƙasa har wata biyu. Ta rubuta, ta ce dole ta aika wa Sakatare.

Muka koma gida a tasi. Da muka sauke shi ya ce wa Anti ta gaya wa yaron makarantar nan ya gama aikinsa, ya koma makaranta a sa masa hannu a takardar hukuncinsa.

Na yi alkawari na karya. In aka maimaita zan sake karyawa. To me ya sa nake jin kamar na yi sata.

Talata, 23 ga Satumba

An cire sunansa. Dogo ya gani a allon ofis, an ja layi da jan biro.

Laraba, 24 ga Satumba

Na je. Ya juya fuska bango. Na zauna a kan akwatin kwano na karanta wa bayansa jarida tun daga shafin farko har tallar magani. Awa ɗaya. Ko tari bai yi ba. Anti ta ce tun jiya bai taɓa abinci ba sai ruwa.

Nas ta nuna min wankin ciwo da ɗauri, don Anti ba ta iya kallonsa. Ya bar ni na yi, kamar ƙafar ta wani ce aka ba shi ajiya.

Juma'a, 26 ga Satumba

Bango dai. Na karanta masa labarin ƙwallo, da gangan na juya sakamakon. Na ji ya ja tsaki. Yana nan ke nan.

Umma ta ce na yi daidai, in bar wa Allah sauran. Na ce na bar masa, amma zan ɗan taya. Dokar nan fa ba cewa ta yi sai ya yi tafiya don tafiya ba. Cewa ta yi mota ba ta shiga, keken guragu ba ya shiga. Mutum biyu suna shiga.

Asabar, 27 ga Satumba

Na gaya masa: zan ƙera gadon ɗauka, ni da Dogo mu kai shi har bakin kogi mu dawo da shi. Na ɗauka zai yi murna. Kofin shayi ya wurgo min, ya sami ƙofa.

Ya juyo, karo na farko cikin kwana biyar. Ya ce ba zai hau makara da ransa ba. Na ce wannan girman kai ne kawai. Na faɗi wasu maganganun ma. Ya bar ni na ƙare, sannan ya yi magana a hankali, yana kallon rufi.

Ranar da aka ja da baya, suna ɗauke da wani soja da aka harba a ciki, shi da na gabansa. Bai san sunansa ba, ba ɗan rundunarsu ba ne. Aka ce kowa ya haye kogi yanzu, kwalekwale ba ya ɗaukar na kwance. Suka ajiye shi a gindin wata bishiya. Har sun juya, na gaba ya tuna cewa sai da suka sa hannu aka ba su gadon, duk wanda ya dawo babu shi bulala ce da ɗauri. Suka koma suka mirgina mutumin a ƙasa, suka naɗe gadon suka gudu da shi. Idonsa biyu. Kofur ya ce masa ya jira, yanzu za su dawo.

"Gadon an sa hannu a kansa," in ji shi. "Mutumin ba wanda ya sa. Na mayar da shi sito lafiya lau, har aka yaba min. Shi ne kake so in koma wurin a kwance a kai kamar sarki."

Yau kam na rufe bakina ba tare da an ce in rufe ba. Na share shayin na ɗaure masa ƙafa na fito.

Na yi ta tunani a hanya. Ya ce wa mutumin zai dawo. Bai ce da ƙafa ba. Ban gaya masa haka ba, zai ce wayon littafi ne. Amma gadon sai na ƙera shi.

Litinin, 29 ga Satumba

Bututun ƙarfe mara nauyi da injin walda wuri ɗaya suke a duniyata, kuma makullin yana aljihun mutumin da na kunyata a gaban aji.

Na same shi yana share tebur. Na ce Malam na zo ba da haƙuri. Ya ce a ina na karanta wannan, a tsaye ko a zaune. Na haɗiye. Wallahi har da amsa a bakina, mai kyau ce kuma, na haɗiye ta. Na nuna masa zanen da na yi. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauki fensir ya soke rabinsa. Ya ce yadda na haɗa mariƙin, taku ɗari ba za a yi ba zai karye a wuya, sai an zura ƙaramin bututu a ciki. Kuma tsoho ba zai so kwanciya ba, a yi masa majingina ya zauna ƙafar tana miƙe. Wannan babu shi a littafin da na karanta.

Ya ce in zo bayan an tashi. Ya san aikinsa. A nan kaɗai zan rubuta haka.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ranar gwaji. Tsofaffi suna zagaya fili, tsohon Dogo ya yi nasa har da fito. Na jira kowa ya watse na shiga wurin Sakatare, na cire hula, na ce masa ranka ya daɗe. Ya gane ni. Ya sa ni tsayuwa yana ta juya takardu. Ya ce doka doka ce. Na ce dokar ta ce a isa kogi, ba ta ce da ƙafar wa ba. Ya ce in gadon ya karye fa, in mun gaji a tsakiya fa, wa zai ɗauki alhaki. Tambayoyin ba na banza ba ne, abin haushin ke nan.

Ƙarshe: mutum ɗaya ya faɗi gwaji, gurbi ɗaya ya buɗe. Zai riƙe shi zuwa Laraba mai zuwa. In kawo takardar nas, kuma mu zagaya fili sau uku ɗauke da Kofur shi kansa, ba tare da mun ajiye ba fiye da sau ɗaya. In ba haka ba na gaba a layi ya shiga.

Sati ɗaya. Ba gado, ba takarda, mai hawan ma ya ce ba ya hawa.

Juma'a, 3 ga Oktoba

An gama ƙarfen. Na ƙone a hannu wuri biyu. Anti ta ɗinka tamfol, allura uku ta karya, ta ƙara maɗaurin kafaɗa da ban roƙa ba. Nas ta ce za ta rubuta in ciwon ya ci gaba da tsukewa zuwa Talata, kuma in ni zan riƙa wankewa safe da yamma a hanya.

Asabar, 4 ga Oktoba

Muka kawo gadon tsakar gida, daidai ƙofar ɗakinsa, muka ɗora buhun yashi. Dogo a gaba ni a baya. Ban shirya komai ba da farko, da gaske ba mu iya ba. Muna ɗagawa buhu ya zame. Muna tafiya gadon yana tsalle kamar akuya. Dogo ya fi ni tsawo da kai guda, duk nauyin a kaina yake.

Na lura labulen ɗaki ya ɗan motsa. Na ƙifta wa Dogo ido. Daga nan muka koma yin shirme da gangan: hagu-dama tare kamar masu fareti, muka juya a kwana buhun ya faɗi tim. Sau uku.

A na huɗu murya ta fito daga ɗaki. "Kun kashe shi. Sau huɗu kun kashe bawan Allahn nan."

Ya sa Anti ta fito masa da kujera. Ya ce ba a taka ƙafa ɗaya tare, na gaba ya fara da hagu na baya da dama, gajeren taku, gwiwa a sake, sai gado ya daina rawa. Dogo ya koma baya in za a hau tudu. Ba a ɗagawa sai na baya ya ƙirga. Ya kira Dogo falwaya, ni kuma ya ce hannuna na riƙe biro ne. Awa biyu yana mana tsawa, har maƙwabta suka leƙo. Da yamma Anti ta ce ya cinye abincinsa ya nemi ƙari.

Bai ce zai hau ba.

Litinin, 6 ga Oktoba

Kafaɗata kamar an daka. Mun zagaya unguwa da buhu, yara suna binmu. Da muka dawo ya ce har yanzu muna girgiza shi a kwana. Na ce buhun bai yi ƙorafi ba. Ya ce ai shi ya sa ba za mu taɓa iyawa ba, buhu ba ya cewa wayyo.

Ya kalli gadon ya daɗe. Sannan ya ce, "Sauke yashin nan. Don in gyara muku ne kawai."

Muka ɗaga shi muka zaunar. Bai kai buhun nauyi ba. Ni ne a baya, fuskarsa tana kallona, ya rufe ido gam, hannunsa ya damƙe ƙarfen har jijiya ta fito. Na ƙirga muka ɗaga. Mun kai famfo kafin ya buɗe ido, ya ce min in daina kallonsa in kalli diddigen Dogo.

Laraba, 8 ga Oktoba

Takardar nas tana aljihuna tun jiya. Ya sa takalmin dama yana ƙyalli, hagu farin bandeji. Sakatare ya fito da agogo a hannu. Tsofaffin suka jeru a inuwa.

Zagaye na farko lafiya. Na biyu yatsuna suka mutu. Muka ajiye sau ɗayan da aka yarda, Malamin Walda, wanda ban san ya zo ba, ya duba mariƙin ya ɗaga min kai. A na uku maɗaurin ya yanke min fata, ina jin jini yana bin bayana. Na ce a raina ko hannun zai cire sai dai ya cire. Kofur yana ƙirga mana taku ƙasa-ƙasa, da na fara tangaɗi ya ce, "Saura tamanin, Farfesa. Sojan da na sani ba ya roƙo." Tsohon banza.

Mun kai. Sakatare ya kalli agogo ya kalli takarda, ya ce ba a taɓa yin haka ba. Wani tsoho daga inuwa ya ce an taɓa, shi ma haka Kofur ya fito da shi, gara a biya bashi. Aka yi dariya. Sakatare ya zaro biro ya rubuta sunan a ƙasan layin da ya ja.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Gobe ƙarfe shida bas zai tashi. Ciwon ya koma kamar ƙwayar wake. Na shirya auduga, bandeji goma sha huɗu, ruwan wanki, almakashi. Gadon yana naɗe a shagon Anti. Kofur ya ce in mun isa bishiyar, in tana nan, mu sauke shi a ƙasa mu ɗauke gadon mu matsa nesa, zai kira mu. Na ce nas ta hana ƙafar taɓa ƙasa. Ya ce zama zai yi. Na ce minti goma. Ya ce sha biyar. Mun tsaya a sha biyar.

Da rana na kai shi ofis cike fom na ƙarshe. Ni na cike, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Akwai wani layi: wanda za a nema in wani abu ya faru a hanya, da dangantakarsa da matafiyi. Na sa sunana tunda ni ke wurin. A gurbin dangantaka na rubuta jika. Gurbin ƙarami ne, ɗalibi ɗan rakiya ba zai shiga ba, shi ke nan dalili.

Ya ce in karanta masa abin da na rubuta kafin ya sa hannu, ba ya sa hannu a kan abin da bai sani ba. Na karanta duka, har wurin. Ya karɓi biro ya sa.